Iskandar Mai Girma a Bakin Masu Wa'azi: Sharhi a Kan Labarin Wasiyya Uku

Da wuya a sami mai wa'azi a ƙasar nan wanda bai taɓa jin labarin wasiyyar Iskandar Mai Girma ba. Ana ba da shi a wurin jana'iza, ana ba da shi a sujadar ƙarshen shekara, yanzu kuma yana yawo a wayoyi ta WhatsApp. Labarin yana cewa, da Iskandar ya ga mutuwa ta ƙarato, sai ya tara jarumawansa ya bar musu wasiyya uku. Ta fari, manyan likitocinsa su ne za su ɗauki makararsa, domin duniya ta san mutuwa ba ta da magani. Ta biyu, a barbaza zinariya da azurfarsa a hanyar makabarta, domin a san dukiya a nan take tsayawa. Ta uku, a bar hannuwansa a waje suna reto, domin kowa ya ga wanda ya ci duniya da yaƙi ya tafi hannu wofi.

Ni ma na ba da shi. Shekarun baya, a jana'izar wani dattijon ikilisiya a wani ƙauye na ƙasar Roni, na buɗe wa'azina da cewa, "Tarihi ya nuna mana," sa'an nan na kawo labarin. Jama'a suka yi tsit, na sauko ina jin na yi aiki. Kamar yadda yake a gidajenmu da yawa, dangin mamacin rabi masu bi ne, rabi Musulmi. A wurin zaman makoki ƙanen mamacin, mutum mai karatu, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam Fasto, wannan Iskandar da ka ambata, shi ne Zulƙarnaini na cikin Alƙur'ani? A wane littafi ka ga wasiyyar tasa?" Ba ni da littafin da zan nuna masa. A bakin wani mai wa'azi na ji, shi ma a bakin wani ya ji.

Wannan sharhi amsar tambayar nan ce, ko da yake ta zo a makare. Zan auna labarin da abin da marubutan dā suka rubuta, in nuna inda ya fito, sa'an nan in auna shi da Maganar Allah. Hukuncina shi ne: darasin da ke cikinsa gaskiya ne, amma Iskandar ɗin da ke cikinsa ƙagagge ne, kuma Iskandar na ainihi, wanda littafin Daniyel ya zana, ya fi shi amfani ga ikilisiya.

Wane ne shi, su wa kuma suka rubuta labarinsa

An haifi Iskandar a shekara ta 356 kafin haihuwar Almasihu (K.H.) a Fella, babban birnin Makidoniya, ƙasar nan da manzo Bulus ya ƙetara zuwa cikinta a Ayyukan Manzanni sura 16. Mahaifinsa sarki Filibus ne, wanda birnin Filibi ya ci sunansa. Birnin Tasalonika kuwa sunan 'yar'uwar Iskandar ya ɗauka, wadda suke uba ɗaya. Masanin nan Aristotal ne ya koyar da shi yana yaro. Ya hau gadon sarauta a 336 K.H. yana da shekara 20. A 334 ya ƙetara zuwa Asiya domin ya yaƙi daular Farisa. Ya kori sarki Dariyus na uku a Issus a 333, ya ci Taya da Gaza a 332, ya shiga Masar ya kafa birnin Iskandariya a 331, a shekarar kuma ya karya Farisa a Gaugamela. Ya ci gaba har ƙasar Indiya, inda a 326 mayaƙansa suka ƙi ƙara taku ɗaya. Ya rasu a Babila a watan Yuni na 323 K.H., bai cika shekara 33 ba.

Littattafan waɗanda suka yi tafiya tare da shi sun ɓace, sai guntaye. Abin da ya rage a hannunmu shi ne aikin marubutan da suka zo daga baya suka karanta waɗancan. Akwai Diyodorus, mutumin Sisili, a ƙarni na ɗaya K.H.; akwai Kurtiyus Rufus da ya rubuta da Latin; akwai Fulutak, wajen shekara ta 100 bayan haihuwar Almasihu (B.H.), akwai kuma Ariyan a ƙarni na biyu B.H. Masana sun fi dogara ga Ariyan, domin ya bayyana cewa ya bi rubutun mutum biyu da suka yi yaƙe-yaƙen da kansu, wato Tolemi da Aristobulus. Waɗannan marubuta huɗu duk sun ba da labarin mutuwar Iskandar, wasu da tsawo ƙwarai. Babu ko ɗayansu da ya ambaci wasiyya uku.

Yadda ya mutu

Ariyan da Fulutak sun kawo abin da suka ce daga kundin fada suka samo shi, kwana bi da kwana. Bayan wata liyafar shan giya zazzaɓi ya kama shi, ya yi kwana goma da 'yan kai yana fama. A yawancin kwanakin nan yana ba shugabannin yaƙi umarni a kan shirin kai wa ƙasar Larabawa yaƙi. A kwanakin ƙarshe maganarsa ta ɗauke. Mayaƙa suka nace sai sun gan shi, aka buɗe musu ƙofa suka riƙa wucewa ɗaya bayan ɗaya, yana gaishe su da ido da ɗan ɗaga kai. Wasu sun ruwaito cewa an tambaye shi wa zai bar wa mulki, ya ce wanda ya fi ƙarfi. Ko magaji bai naɗa a fili ba, balle ya tsara wa'azin jana'izarsa.

Bari mu ɗauki wasiyyoyin ɗaya ɗaya.

Batun likitoci. A 324 K.H., wata takwas ko makamancin haka kafin mutuwarsa, amininsa Hefestiyon ya rasu a Ekbatana. Fulutak ya ce Iskandar ya sa aka gicciye likitan da ya yi jinyarsa. Ariyan ma ya kawo ruwayar kisan likitan. Ke nan abin da aka rubuta a kansa game da likita da mutuwa shi ne fushin mutumin da ya ƙi yarda akwai abin da ya fi ƙarfin umarninsa.

Batun dukiya. Diyodorus ya ce bayan mutuwarsa an karanta wa mayaƙa takardun shirye-shiryensa na ƙarshe. A ciki akwai ƙera jiragen yaƙi 1,000 domin a ci Kartaj da sauran ƙasashen bakin Bahar Rum na yamma, da gina wa mahaifinsa kabari wanda zai kai babbar dalar Masar girma. Masana suna gardama a kan ingancin wasu sassan takardun nan, amma shirin yaƙin Larabawa ba a gardama a kansa. Mutumin ya mutu yana ƙara miƙa hannu.

Batun hannuwa a waje. An shafe gawarsa da kayan hana ruɓa, aka sa ta a akwatin zinariya cike da kayan ƙanshi. Diyodorus ya ce an yi kusan shekara biyu ana ƙera keken da zai ɗauke ta, alfadarai 64 kuma suka ja shi. A hanya Tolemi, wanda ya riƙe Masar, ya tare gawar ya karkata da ita ƙasarsa, domin wanda gawar ke hannunsa yana da hujjar neman gado. Ta zauna a Memfis, daga baya aka kai ta Iskandariya. Kusan shekara 300 bayan haka Augustas, wanda Luka 2:1 ya ambata, ya je ya duba ta. Zinariyar ba a barbaza ta a hanya ba, a jikin gawar aka naɗe ta.

Akwai kuma abin da labarin wasiyya bai taɓa faɗa ba, wato mutanen da suka biya kuɗin girman nan. A Tibis, a 335 K.H., marubutan dā sun ce an kashe mutum 6,000 aka sayar da kimanin 30,000 bayi, aka rushe birnin. A Taya, bayan wata bakwai na kewaye, Ariyan ya ce an kashe kimanin 8,000 aka sayar da 30,000. Kurtiyus ya ƙara da cewa an gicciye 2,000 a bakin teku. A 328, cikin maye, ya soke Kilitus da mashi, mutumin da ya taɓa ceton ransa a fagen fama. Alƙaluman dā ba a riƙe su kamar ƙidayar zamani, amma girman ɓarnar a bayyane yake.

Inda labarin ya fito

Tun yana da rai aka fara ƙulla almara a kansa. Shi kansa ya je wurin tsafin Amon a Siwa, cikin hamadar Masar, ya dawo ana ce da shi ɗan allahn nan. Bayan mutuwarsa aka buga kuɗi da hotonsa yana da ƙahonin rago a kai, alamar Amon. Wajen ƙarni na uku B.H. aka tattara almarori a littafi guda da Helenanci, aka jingina shi ga Kalistenis, marubucin fadarsa. Jinginawar ba ta yiwuwa, domin Kalistenis ya riga Iskandar mutuwa, a hannun Iskandar ɗin kuwa. A wannan littafi uban Iskandar wani sarkin Masar ne mai sihiri, a wasu kofe-kofensa kuma Iskandar yana nutsewa ƙarƙashin teku, yana tashi sama da tsuntsaye, yana neman ruwan rai. An fassara shi zuwa Latin, Armeniyanci, Suriyanci, Farisanci, Larabci da harshen Habasha na dā. Kowace al'umma ta sa masa rigarta. A hannun Kiristocin Suriya da na Habasha ya zama sarki mai tsoron Allah.

Hannun da ke waje yana cikin wannan reshe na adabi. Mawaƙin Farisa Nizami, wajen shekara ta 1200 B.H., ya kawo shi a dogon waƙensa na Iskandar: sarkin ya yi umarni a bar hannunsa ɗaya a waje da akwatin gawa, da ƙasa a ciki. Tsakanin mutuwar Iskandar da Nizami akwai kimanin shekara 1,500. Nizami bai yaudari kowa ba. Mawaƙi ne mai hikima, masu karatunsa kuma sun san waƙa suke karantawa. Yaudarar ta shigo ne a bakinmu, ranar da muka cire sunan mawaƙi muka sa "tarihi ya nuna" a madadinsa.

Wasu labarai biyu da muke bayarwa sun sha irin wannan juyi. Mukan ce Iskandar ya yi kuka don babu sauran ƙasar da zai ci. Abin da Fulutak ya rubuta kishiyar haka ne: wani masani ya gaya masa duniyoyi ba su da iyaka, sai ya yi kuka don ko ɗaya bai gama mallaka ba. Mukan kuma ce ya kama wani soja matsoraci mai suna Iskandar ya ce masa ya sake hali ko ya sake suna, mu ɗora cewa haka mai sunan Kirista. A wurin Fulutak saurayin ba matsoraci ba ne. Sarkin ya zuga shi ya yi jaruntaka saboda sunansa, ya yi faɗa har aka kashe shi, sarkin ya yi baƙin ciki. Labari yakan lanƙwasa ya bi inda mai wa'azi yake so, har a manta da siffarsa ta farko.

Auna darasin kansa

Wani zai ce, "To, mene ne laifi? Ai darasin daidai ne." Gaskiya ne, labarin yana da ƙarfi. Gajere ne, yana da hotuna uku da ido ke gani, tsohuwa da yaro duk za su riƙe shi. Abin da yake koyarwa kuma yana cikin Ayuba 1:21, da Mai Hadishi 5:15, da 1 Timoti 6:7. Ban raina wannan ba. Amma ina ganin rauni uku a cikinsa, ko da a ce an ajiye batun tarihi gefe.

Na fari, labarin yana wanke mai zalunci ba tare da tuba ba. Iskandar na cikinsa ya gane dukiya banza ce, amma bai tuna da mutanen Taya ba, bai nemi gafarar kowa ba, bai mayar da kome ba. Gwada shi da Zakka a Luka 19. Mai sauraro da ya danne gonar marayu zai iya jin labarin nan ya kaɗa kai ya ce duniya ba bakin kome take ba, ya koma gida gonar tana hannunsa.

Na biyu, har a cikin mutuwa Iskandar ne mai magana ta ƙarshe. Shi ya tsara, shi ya koyar, shi aka yaba wa hikima. Labarin da aka ce na ƙasƙantar da kai ne ya ƙare da ƙara masa girma. A misalin wawan mai arziki a Luka 12:16-21 ba haka abin yake ba. Mai arzikin yana tsakiyar shirin faɗaɗa rumbuna Allah ya katse shi. Mutuwar Iskandar ta ainihi, da jiragensa da ba su tashi ba, ita ce ta yi kama da misalin Ubangiji.

Na uku, hannu wofi ba bishara ba ce. Mai bin addinin gargajiya, da Musulmi, da masanin Helenawa duk sun yarda mutum ba ya tafiya da kome. Idan a nan wa'azin jana'iza ya tsaya, gwauruwar da ke zaune a gaba ba ta ji dalilin sa zuciya ba. Abin da aka aike mu mu faɗa a bakin kabari yana cikin 1 Korantiyawa 15 da 1 Tasalonikawa 4:13-18.

Iskandar a littafin Daniyel

Littafi Mai Tsarki bai kira sunansa ba, amma ya zana shi. A Daniyel sura 8 annabin ya ga rago mai ƙaho biyu yana tunkuyi yamma da arewa da kudu, ba mai tsayawa a gabansa. Sai bunsuru ya taso daga yamma da gudu, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa, da babban ƙaho a tsakanin idanunsa. Ya karya ƙahonin ragon ya tattake shi. A daidai lokacin da ƙarfinsa ya kai matuƙa babban ƙahon ya karye, huɗu suka fito a wurinsa. A aya 20 zuwa 22 mala'ika Jibra'ilu ya fassara: ragon sarakunan Mediya da Farisa ne, bunsurun mulkin Helenawa ne, babban ƙahon sarkinsu na fari. Daniyel 11:3-4 ya ƙara da cewa mulkin zai rabu, ba kuwa zuriyarsa za ta gāje shi ba. Masana sun saɓa a kan lokacin da aka rubuta littafin Daniyel, amma sun haɗu a kan cewa Iskandar ne ƙahon nan.

Tarihi ya bi wannan zane. An kashe matarsa Roksana da ɗansa wajen 310 K.H., aka kashe wani ɗan nasa ba da jimawa ba. Bayan yaƙin Ifsus a 301 K.H. mulkin ya kasu a hannun Kasanda, Lisimakus, Selukus da Tolemi. Daga gidan Selukus ne Antiyokus na huɗu ya fito, wanda ya ƙazantar da Haikalin Urushalima a 167 K.H. Tsarkake Haikalin bayan haka shi ne asalin idin da Yahaya 10:22 ya ambata.

Lura da bambancin. Almara ta ba shi kursiyin koyarwa a kan gadon mutuwa. Daniyel ya ba shi 'yan ayoyi, a siffar dabba, ba suna, ba jawabi. Ga ƙananan ikilisiyoyinmu na Roni da Gwiwa da Kazaure da Babura, waɗanda sukan ji ba su da ƙarfi a gaban masu iko, wannan ne saƙon da ya fi ta'aziyya: mulkoki suna zuwa da gudu, suna da iyaka, Allah ne kuma ya sa iyakar. Ya ma yi amfani da abin da Iskandar ya bari. Helenanci ya zama harshen kasuwa da karatu a gabashin Bahar Rum. A Iskandariya aka fara fassara Attaura zuwa Helenanci a ƙarni na uku K.H., da Helenanci aka rubuta Sabon Alkawari, Afolos kuma mutumin Iskandariya ne (Ayyukan Manzanni 18:24). Iskandar bai nufi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai a yi hankali da wani labari da ke yawo a littattafan wa'azi, cewa Iskandar ya je Urushalima, ya rusuna wa babban firist, aka nuna masa kansa a littafin Daniyel. Yusufus, marubucin Yahudawa, ne ya kawo shi wajen 93 B.H. Ariyan da Fulutak da Diyodorus da Kurtiyus ba su ambace shi ba, masana da yawa kuma suna shakkarsa. Wanda zai ba da shi ya ce, "Yusufus ya ruwaito."

Tambayar maƙwabci a kan Zulƙarnaini

Mu koma ga tambayar da aka yi mini. Suratul Kahfi, aya 83 zuwa 98, ta ba da labarin Zulƙarnaini, wato mai ƙaho biyu, wanda ya kai mafaɗar rana da mafitarta, ya kuma gina shinge ya tare Yajuju da Majuju. Maƙwabtanmu suna jin tafsirin wannan sura, musamman da azumi. Alƙur'ani bai kira shi Iskandar ba, malaman Musulunci kuma sun saɓa. Razi ya karkata ga cewa shi ne Iskandar na Helenawa. Ibn Kasir ya ƙi, ya ce Zulƙarnaini bawan Allah ne na zamanin Ibrahim, dabam da ɗan Filibus mai bautar gumaka. A ƙarni na 20 malamin Indiya Abul Kalam Azad ya ce Sairus na Farisa ne, yana kafa hujja har da ragon nan na Daniyel 8.

Abin koyo a nan biyu ne. Kada mai wa'azi ya hau mumbari ya ce mai ƙaho biyu na Daniyel shi ne Iskandar. A Daniyel mai ƙaho biyu shi ne wanda Iskandar ya karya. Kada kuma ya yanke hukunci a kan littafin maƙwabcinsa a wurin da malaman littafin ba su haɗu ba. Da na san wannan a ranar, da na ce masa, "Malam, wanda na ambata sarkin Makidoniya ne. Ko shi ne Zulƙarnaini, malamanku sun yi magana iri iri. Wasiyyar kuwa hikaya ce, na yi kuskure da na kira ta tarihi." Da hirar ta ci gaba daga nan. A maimakon haka sai na yi 'yan kame-kame, shi kuma ya yi mini kara ya sake zance. Abin da ya dame ni har yau shi ne, a wa'azin nan ɗaya na ce Almasihu ya tashi daga matattu, da murya ɗaya, da tabbaci iri ɗaya. Wanda ya kama ni da labari marar tushe a farkon wa'azi, da me zai auna na ƙarshen?

Abin da ya kamata mai wa'azi ya yi

Ba a hana mu labari ba. Yotam ya ba da misalin itatuwa da suka nemi sarki (Mahukunta 9), Natan ya kama Dawuda da labarin 'yar tunkiya (2 Sama'ila 12), Ubangiji Yesu ya koyar da misalai. Bulus ya ɗauko maganar mawaƙan Helenawa a Atina (Ayyukan Manzanni 17:28), amma ya faɗi cewa ta mawaƙansu ce. Bitrus kuwa ya ware shaidar manzanni daga tatsuniyoyin da aka ƙaga da wayo (2 Bitrus 1:16). Bangaskiyarmu ta dogara ga abubuwan da suka faru a zamanin Augustas da Bilatus, saboda haka mu ne ya kamata mu fi kowa kiyaye iyakar nan.

Bahaushe ma ya san iyakar. Idan kaka ta ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ba yaron da zai tashi gobe ya nemi gidan Gizo, darasin kuma bai ragu ba. Haka za mu yi. Wanda yake son labarin wasiyya uku ya ce, "Akwai wata hikaya da mutanen Gabas suke bayarwa a kan Iskandar." Kalma goma sha ɗaya ce, ba su rage wa wa'azi kome.

Akwai kuma hanyar da ta fi. Yahaya Kirisostom, mai wa'azin Antakiya wanda ya rasu a 407 B.H., ya yi amfani da Iskandar a wa'azinsa a kan 2 Korantiyawa. Bai ƙaga masa wasiyya ba. Ya ƙalubalanci masu sauraronsa su nuna masa kabarin Iskandar ko su faɗi ranar mutuwarsa, sa'an nan ya nuna musu yadda ake tunawa da bayin Almasihu. Har yau ba a gano kabarin ba, duk da zinariyar da aka kashe a kansa. Mai wa'azi na iya faɗin wannan a gaban kowane malami ba tare da fargaba ba. Ya karanta Daniyel 8, ya ba da labarin mutumin da ya mutu yana shirin wani yaƙi, ya ambaci mutanen Taya, sa'an nan ya kai jama'a wurin Sarkin da aka ƙusance hannuwansa a bainar jama'a, wanda kabarinsa ya zama wofi domin ya tashi.

Tambayoyi domin nazari

1. Rubuta labarai uku da kake yawan bayarwa a wa'azi waɗanda ba na Littafi Mai Tsarki ba ne. A ina ka samo kowannensu? Wanne za ka iya kira tarihi?

2. Karanta Daniyel 8:1-22 da 11:2-4. Me ya sa kake gani ba a ambaci sunan sarkin ba?

3. Gwada labarin wasiyya uku da Luka 12:16-21 da Luka 19:1-10. Wanne ne yake kiran mai sauraro ga tuba, ta yaya?

4. Idan maƙwabcinka Musulmi ya tambaye ka game da Zulƙarnaini a wurin zaman makoki, me za ka ce, me kuma za ka bari?